Manhajar Waya: Daga Ina Za Mu Fara?



Tun 2008 da Android ta fito muke cin tuwon da wasu suka tuƙa. Yaushe za mu ɗora tamu tukunyar?

Mu fara da matsalar gida. A Zango, bakin iyakar Nijar, ɗan kasuwa na fama da lissafin naira da sefa. Sai mu zana masa manhaja a takarda, wadda zai shigar wa farashin canjin ranar, ta yi aiki ko babu intanet. Mu gina ta da App Inventor, kyauta ne. In hannu ya faɗa, mu koma Kotlin. Sa'an nan ya gwada, abin da ya ɗaure masa kai mu gyara.

Da rarrafe yaro kan tashi. Wassalam.