GAWO NA WA NE?

(Jawabin da aka karanta a taron reshen jam'iyya ranar kasuwa)



Yau maganar icce ta tara mu. Wani zai ce ina ruwan jam'iyya da icce? To, ku kasa kunne.

Duk wanda ya taɓa noma a ƙasar Magariya ko Matamai ya san halin gawo. Da damina, sa'ad da sauran itatuwa ke yin ganye, shi sai ya kakkaɓe nasa, ya bar wa hatsi rana. Da rani kuwa ya yi kore shar, bisashe su kwanta a inuwarsa, su ci ƴaƴansa, su bar taki. Shi ya sa zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili. Kakanninmu ba su shiga lakkal ba, amma sun san wannan sarai. Har ana ba da labari cewa a zamanin Tanimun, Sarkin Damagaram, wanda ya sare gawo ya ja wa kansa hukunci mai tsanani.

Sai Nasara ya zo da takardarsa. Dokar daji ta ran 4 ga Yuli 1935 ta sa itatuwa a hannun hukuma. Ko a cikin gonarka, in ka taɓa iccen da aka hana ba da izini ba, mai tsaron daji ya ci ka tara. To, me talaka zai yi? Da ya ga tsiron gawo sai ya kashe shi da hauya tun yana ƙarami, kafin ya girma ya zame masa masifa. Ga haraji kuma, sai da kuɗi, kuɗi kuwa sai da gujiya. Aka koya mana wai gona mai kyau ita ce wadda aka share tas kamar tsakar gida.

Amma ƴan uwa, kada mu ɗora wa Nasara kaya duka mu tafi hannu sake. Mun karɓi mulki a 1960, dokar ba ta bi shi gida ba. Dokar daji ta 1974, da hannunmu muka rubuta ta, ita ma ta bar icce ga hukuma. Fari ya zo a 1973 da 1974, ya komo a 1984. Iska ta riƙa binne shuka da rairayi, manomi ya shuka sau biyu, sau uku. Mata suka koma hura wuta da kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya zauna a gona. Tun 1975 ake bikin dashen itatuwa kowane 3 ga Agusta, amma da yawa cikin dashen ba su ga damina ta biyu ba. Iccen da ba na kowa ba, wa zai kai masa ruwa?

Magani kuwa yana ƙarƙashin ƙafarmu. Kututturan sabara da kalgo da muke sassabewa kowace shekara ba su mutu ba, saiwarsu na nan da rai. A 1983 Tony Rinaudo, wani ɗan Ostareliya da ke aiki a Maradi, ya lura da haka. Aka fara abin da muke kira sassaben zamani: ka zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, ka datse sauran, ka bar su su tashi. Ba rijiya, ba kuɗi, wuƙa kaɗai. Manoma suka koya wa juna, har masu bincike suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200. Dokar 2004 ta sassauta, kuma a Yuli 2020 gwamnati ta fitar da doka mai tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan iccen da ya raina a gonarsa.

Sai dai doka a Yamai daban, doka a ƙauye daban. Ga aikin reshe. Kowace ranar kasuwa a bayyana wa mutane wannan haƙƙi da Hausa. In an ci wani tara a kan iccen gonarsa, ya nemi takardar shaida, ya kawo wa magatakarda. Masu saran dare kuma, ku yi koyi da mutanen Dan Saga ta ƙasar Agye, da suka kafa kwamitin tsaro har da mata da Fulani a ciki, don makiyayi ma yana da rabo a ƴaƴan gawo.

A taro mai zuwa kowa ya zo da lissafin tsiron da ya bari bana.