Wajabcin Turanci da Haƙƙin Ɗan Talaka: Jawabi a Bikin Yaye Sababbin Malamai

 

Mai girma shugaban taro. Wakilin Mai Martaba Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana. Shugaban wannan kwaleji da mataimakansa. Malamai masu daraja. Iyayenmu maza da mata, waɗanda suka sayar da hatsi da awaki har Allah ya kawo mu wannan rana. Da ku 'ya'yana da ake yayewa yau daga sashen Turanci, assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Ya'yana, ina taya ku murna, amma ina so ku san nauyin abin da kuka ɗauka. A Nijeriya yaro ba ya shiga jami'a sai da kiredit a Turanci. Ko lissafi ya fi kowa iyawa, ko Larabci yake son karantawa, kai ko digiri a Hausa yake nema, sai ya nuna wannan kiredit. A jarrabawar JAMB kowa yana zaɓen darussa uku gwargwadon abin da zai karanta, na huɗu kuwa ba zaɓi, Turanci ne, kuma tambayoyinsa 60 ne alhali sauran 40-40 ne. Kimiyyar ma da Turanci ake tambayarsa, da Turanci zai amsa. Ke nan darasinku shi ne ƙofar da kowane ɗalibi zai bi, ku ne kuma masu riƙe da mabuɗinta.

Ban zo nan don in kushe Turanci ba. Da shi ake rubuta mafi yawan binciken likitanci da injiniyanci a yau, da shi matuƙan jiragen sama suke magana da filayen sauka, da shi Bahaushe da Ibo da Bayarabe suke zama majalisa ɗaya. Wanda ya hana ɗan talaka Turanci ya cuce shi. Kukana shi ne an wajabta wa kowa, amma hanyar samunsa wasu kaɗai aka bai wa.

Ku dubi yara biyu da aka haifa shekara ɗaya. Na farko yana unguwar ma'aikata, iyayensa suna yi masa Turanci tun yana goye, yana makarantar kuɗi, ajinsu bai cika talatin ba, da yamma ga mai lesin. Na biyu yana ƙauye, bai taɓa jin jimla guda ta Turanci ba sai ranar da aka kai shi firamare. Yana zaune a ƙasa cikin cunkoso, littafi ɗaya a hannun malam, malamin ma shi kansa bai samu wanda ya koya masa da kyau ba. Yaron nan zai kwafi abin da ke allo da kyakkyawan rubutu, ya haddace, ya rera tare da 'yan aji, bai san me yake faɗa ba. Bayan shekara goma sha biyu sai a zaunar da su biyun, a ba su takarda iri ɗaya, a ba su lokaci iri ɗaya, a ce an yi adalci. Tseren mai doki ne da mai tafiya a ƙasa. In sakamako ya fito kuma a ce na biyun daƙiƙi ne, shi ma ya yarda, iyayensa su yarda, ya tattara littattafansa. Wannan yardar ita ta fi ci mini rai, domin yaron da ke lissafin cinikin mahaifinsa a kasuwa ba tare da biro ba, an sa shi ya ɗauka ba shi da ƙwaƙwalwa.

Kada wani ya ce muku ɗan ƙauye ba zai iya ba. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta ɗauki yaran da ba a Turanci a gidajensu, ta ba su malamai da littattafai da lokaci. Daga cikinsu Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito, wanda ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960 ya yi magana duniya ta saurara. Sai dai 'yan kaɗan aka zaɓa aka yi wa wannan gata. Yau mun buɗe makaranta ga miliyoyi, gatan kuwa mun bar shi ga mai kuɗi.

An kuma daɗe da sanin hanyar gyara. A 1970 Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka fara wani gwaji: a koyar da yara dukan darussan firamare da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuwa a koyar da shi a matsayin darasi, a hannun ƙwararren malami. Yaran ba su koma baya a Turanci ba, sun kuma fi takwarorinsu fahimtar sauran darussa. Dalilin a fili yake. Yaron da ya koyi karatu da harshen da yake ji ya riga ya san mene ne karatu, in ya zo harshe na biyu aiki ɗaya ya rage masa. Wanda aka fara masa da baƙon harshe kuwa yana kokawa da baƙaƙe da ma'ana a lokaci guda.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta amince a fara koyarwa da harshen uwa ko harshen yankin da yaro yake. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a kai wannan tsari shekara shida. A watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da soke wannan, ya ce Turanci zai zama harshen koyarwa tun daga ajin farko, yana mai kafa hujja da yawan faɗuwa a jarrabawa. Damuwarsa gaskiya ce, ruwa kuma ba ya tsami banza. Amma cikin ladabi ina tambaya: ina littattafan lissafi da kimiyya da aka raba wa yara cikin harsunansu? Ina malaman da aka horar don wannan aiki? Abin da muka saba gani a ajujuwa shi ne littafi da Turanci, bayani da Hausa, jarrabawa da Turanci. Manufar da ba a ba ta kayan aiki ba, bai dace a ɗora mata laifin faɗuwa ba.

Mu masu jin Hausa ma akwai hannunka mai sanda gare mu. A ajinku za ku tarar da ɗan Fulani da Babarbare da Banufe da Babur, waɗanda Hausa ma harshe na biyu ce gare su. Kada mu yi musu abin da muke kuka an yi mana.

Rashin daidaiton nan bai tsaya a iyakar ƙasarmu ba. Ɗan Nijeriyar da ya yi karatunsa kaf da Turanci, sau da yawa in zai tafi Ingila sai ya biya maƙudan kuɗi ya zauna jarrabawar Turanci ta IELTS, sakamakon kuma shekara biyu kawai yake aiki. Ɗan Amurka ko Jamaika ba a tambayarsa. Mu muke kashe shekaru da dukiya mu koyi harshensu, sannan mu sake biya don a shaida mun koya.

To, 'ya'yana, wannan ya fi ƙarfinku, amma aji bai fi ƙarfinku ba. Na roƙe ku, kada ku ci yaro tara ko ku sa monita ya rubuta sunansa don ya yi harshen uwarsa. Yaron da aka tsorata ba ya koyon magana, shiru yake koya. In ya yi kuskure 'yan aji suka fashe da dariya, ku tsawatar, ku sa shi ya sake gwadawa. Ku bar su su yi ta magana da karatu a bayyane kafin ku cika musu allo da dokokin nahawu. In kalma ta gagara, ku fassara, ba abin kunya ba ne. Ku kanku kada ku daina karatu, takardar NCE mafari ce. In kuma aka tura ku ƙauye, kada ku bi ofis-ofis kuna neman a dawo da ku birni. A can ne yaro ba shi da wani mai Turanci sai ku.

Ga shugabanni da ke wannan rumfa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Tun da hukuma ta wajabta Turanci, wajibi ne ta kai ƙwararren malaminsa kowace firamare, ta ba shi alawus na zaman karkara, ta biya shi a kan lokaci, ta sa littafin karatu a hannun kowane yaro. Muna roƙon Mai Martaba, ta bakin wakilinsa, ya sa baki a wannan magana, domin hakimai da dagatai sun fi kowa sanin makarantun da ba su da malami.

Iyaye, Allah ya saka muku da alheri, ya ba ku cin moriyar wahalarku. 'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka, ya sa albarka a allinku. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.