ABIN DA NA GANO A ƘASAR HOLAN: JAWABI A TARON ƘUNGIYA NA WATA-WATA, GIREI

 

Shugaba ya umarce ni in ba ku tsarabar tafiyar da na yi ta mako 3 zuwa ƙasar Holan, inda aka tura mu kwas kan noman rani. To, tsarabar dai ta baki ce, sai a yi haƙuri da ni.

Kafin in je, da ni da ku duk mun san Holan ba tare da mun taka ta ba. Iyayenmu mata sun san atamfa 'yar Holan, wadda lefe ba ya cika sai da ita. Kamfanin Vlisco ne ke buga ta a wani gari mai suna Helmon, kuma tun 1846 yake aiki. Madarar Peak da mai shayi ke zuba mana a bakin tasha, ita ma asalinta daga can ne. Amma Bahaushe ya ce gani ya kori ji.

Da muka sauka a filin jirgin sama na Skifol, kusa da Amstadam, sai wanda ya tarbe mu ya ce mini, "Ka san kuwa yanzu kana ƙasa da teku?" Na yi dariya, na ɗauka zolaya ce. Ashe gaskiya ne. Filin jirgin a cikin wani tsohon tafki yake, wanda suka zuƙe ruwansa. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar tasu teku ya fi shi tudu. Ƙasar ba ta fi Jihar Adamawa girma da wani abin kirki ba, amma mutum kusan miliyan 18 ne a cikinta.

Shimfiɗe take kamar faifai. Mu da muka saba ganin dutsen Bagale, ido ya yi ta neman tudu bai samu ba. Sai ciyawa kore shar, da magudanai miƙaƙƙu, da shanu masu dabbare-dabbaren baƙi da fari, kowace da hantsa kamar tulu. Na ce a raina, da maƙwabtanmu Fulani sun ga wannan makiyaya, da ba mai komawa.

Garuruwansu kuwa tsaf-tsaf. Amstadam duk hanyoyin ruwa ne, gidaje tsukakku dogaye a jere. Rotadam ita ce tashar jiragen ruwa mafi girma a Turai, gine-ginenta sabbi ne domin Jamus ta ragargaza tsakiyar birnin da bama-bamai a 1940. Na kuma je Heg, inda gwamnatinsu take, na tsaya a ƙofar Kotun Duniya wadda ta yanke hukunci kan iyakarmu da Kamaru da yankin Bakasi a 2002. Kekuna sun fi mutane yawa a ƙasar. Babban ma'aikaci da kwat ɗinsa, tsohuwa da kayan cefanenta, kowa keke. Suna da hanyarsu ta daban, mai jan launi. Ran farko na tsaya a kai ina ƙauyanci, wata dattijuwa ta kaɗa mini ƙararrawa, ban san sa'ad da na yi tsalle ba.

Abinci fa? Nan ne aka yi ta. Da safe burodi da cuku, da rana burodi da cuku, sai ƙarfe 6 na yamma a ci mai zafi, galibi dankalin Turawa da aka dama da ganye. Ba yaji, ba daddawa. Har ɗanyen kifi mai gishiri suke ci da albasa, a kama wutsiya a ɗaga kai a zura. Na ɗanɗana sau ɗaya, na ce Allah Ya ba mu kifin Binuwai.

Halinsu ma sai an saba. Ba a faɗo wa mutum gida sai da alƙawari, kuma in an ce ƙarfe 4, to ƙarfe 4 ce. Ba su iya kwana-kwana ba. In ba za su yi abu ba, a gabanka za su ce a'a. Da fari na ɗauka rashin kunya ne, daga baya na ga ya fi "sai ka ji ni" ɗin da muke yi wa juna. Wajen karɓar baƙo da zumunci kam, mun fi su, wannan ba tantama.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na miƙe. Mutanen nan ruwa ya sha cin su. A daren 31 ga Janairun 1953 teku ya fasa ganuwoyinsu, mutum 1,836 suka halaka. Ba su tsaya ga jaje ba, suka shiga gina manyan madatsai na shekara da shekaru. Tun kafin nan ma, a 1932, sun gama wata ganuwa mai tsawon kilomita 32 wadda ta datse wani reshen teku, daga baya suka fitar da gonaki da garuruwa daga ƙarƙashin ruwan.

Amma tushen abin ba injiniyoyi ba ne. Tun ƙarni na 13 manoman ƙauyukansu suka kafa majalisun ruwa. A da, kowane mai gona yana da yankin ganuwar da zai kula da shi, domin in na mutum ɗaya ya ɓalle, kowa ne zai nutse. Har gobe majalisun suna nan, guda 21, ana zaɓen wakilansu duk shekara 4, suna kuma karɓar harajinsu.

'Yan'uwa, mu tuna 2012 da 2022. Binuwai ta cika ta batse, aka sako ruwan madatsar Lagdo daga Kamaru, gonakin shinkafa da masara suka tafi, jama'a suka kwana a makarantu. Madatsar Dasin Hausa da aka daɗe ana alkawari, har yau muna jira. Wannan aikin gwamnati ne, mu ci gaba da tuna mata. Amma magudanar da ke ƙofar gidanka, wadda leda ta toshe, ta wa ce?

Ga wani ciwo namu, mu faɗa wa kanmu gaskiya irin ta mutanen Holan. Da yawanmu mun shekara 30 a nan, amma da an ce a kawo gudummawar gyaran unguwa sai mutum ya ce shi baƙo ne, gidansa na Kano ko Katsina. To, ruwa ba ya tambayar garinsu mutum. Ba ya bambanta Bahaushe da Bafulatani da Babace. Nan muka haifi 'ya'yanmu, nan za mu yi gyara.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya abu uku. Na ɗaya, a kafa kwamitin ruwa, a gayyaci sauran ƙabilu da masu unguwanni su shigo. Na biyu, kowane layi ya san magudanarsa, a yashe ta kafin ruwan farko. Na uku, a buɗe asusu na musamman, kowa ya riƙa jefa abin da ya sawwaƙa duk wata, kuma mu daina sayen fili a kan hanyar ruwa don araha. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Inda na yi kuskure a yafe mini. Allah Ya tsare mu da ambaliya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalamu alaikum.