Yaron da Ya Fito Daga Kaso, Wa Zai Karɓe Shi?

 

Hanyar nan da ta ratsa unguwarku ta Saga ita ce take kaiwa Kollo, inda akwai gidan kaso. Wani gidan kason kuma yana can tsakiyar Yamai, a cike maƙil. A cikin waɗanda ke tsare a ƙasar nan akwai yaran da ko gemu bai fito musu ba, wani kan wayar salula, wani kan faɗan fada, wani kan tramol.

Doka dai ba ta manta da su ba. A Nijar ba a hukunta yaron da bai kai shekara 13 ba, wanda ke tsakanin 13 da 18 kuma ana sassauta masa. Tun 1999 aka kafa kotunan yara, dokar 2014 ta sabunta aikinsu, ga kuma cibiyar gyaran tarbiyya a Dakoro. Abin da ke damuna shi ne ranar da aka buɗe ƙofa aka ce wa yaro ya tafi. Uba ya ce ya zubar masa da mutunci, maigidan gareji ya ce ba ya son ɓarawo. Ina zai nufa in ba wurin abokan da suka kai shi ba?

Japan ta yi wannan tunani da wuri. Dokar yara ta 1948 ta sa a fara kai ƙarar yaro kotun iyali, inda ake binciken gidansu da makarantarsa kafin a yanke komai. Su ma sun tsananta daga baya: kisan da wani ɗan shekara 14 ya yi a Kobe a 1997 ya girgiza ƙasar, a 2000 aka rage shekarun gurfanarwa daga 16 zuwa 14. Amma ba su taɓa 'yan sa-kan nan da ake kira hogoshi ba. Mutanen unguwa ne, sun haura dubu 40, ministan shari'a ke naɗa su, ba su da albashi. Dattijo ko dattijuwa kan karɓi yaron da aka sako, sau da yawa a cikin ɗakinsa, ya saurare shi, ya nema masa aiki, ya rubuta rahoto.

Masu fim ɗinsu ma sun taimaka. A 1961 Susumu Hani ya yi fim kan gidan gyaran yara, ya ɗauko samarin da suka taɓa zaman wurin suka taka rawar, 'yan kallo suka ga 'ya'yan mutane ne. Mu ma muna da irinsa: a 2021 Aïcha Macky ta fito da fim ɗin Zinder, ta shiga unguwar Kara-Kara ta wannan birni ta bar 'yan palais, wato gungun samarin unguwa, suka yi magana da bakinsu. Ina roƙon a haska shi a nan Saga, iyaye su zauna su kalla.

Mutanen da wannan aiki ke buƙata muna da su: liman, mai unguwa, tela, manomin da ke neman hannu a fadamar shinkafa ta Saga. Abin da ya rage shi ne alƙalin yara ya san sunayensu, ya damƙa musu yaro a rubuce, su kuma su riƙa kai masa labari kowane wata. Ina so kafin mu watse yau a buɗe takarda, wanda zai iya ɗaukar yaro ɗaya ya sa sunansa, mai unguwa ya kai ta kotu.