Shiga Kwale-kwale Karon Farko A Lokacin Hunturu

   

Wasiƙa ce ta jawo zancenmu na yau. Wata 'yar uwa da aure ya kawo ta Birnin Kebbi daga Kano ta rubuto mana cewa ƙanwar maigidanta ta haihu a wani ƙauye da ke hayin gulbi, can wajen Argungu, kuma ba a isa garin sai an shiga kwale-kwale. Ta ce ita dai tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa shiga ruwan da ya fi na baho ba, ga goyon wata bakwai, ga sanyi. Dangin miji kuwa a bakin ruwa aka haife su, tana jin kunyar su ga tsoronta. Shi ne take tambaya, ta je ko ta nemi uzuri?

To 'yar uwa, ki je. Zumunci a ƙafa yake, kuma dubban mata na ƙetare gulbin nan kullum zuwa kasuwa da gonar shinkafa, su dawo gida lafiya. Amma ki riƙe magana ɗaya: duk shawarar da za ki yanke, a kan tudu za ki yanke ta. Da zarar mai fito ya tura jirgi ya bar gaci, ba ki da sauran zaɓi sai abin da kika shigo da shi.

Bari mu fara da gulbin kansa. Ruwan da ke bi ta Argungu ya wuce ta Birnin Kebbi, Gulbin Rima ne da Gulbin Sakkwato suka haɗe, yana gangarawa kudu har ya faɗa Kogin Kwara. A watan Agusta da Satumba yakan cika ya shafe fadama. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa ruwa ya ja baya, ya kwanta lumui, shi ya sa mutane kan raina shi. Sai dai hunturu na da nasa sharrin. Da sassafe hazo kan rufe ruwa har mai jirgi ya kasa hango gaci, balle tudun yashi ko kututturen da ke gabansa. Iskar jaura kuma ta fi cizo a tsakiyar ruwa, inda babu katanga babu itace. Don haka kada ki yarda da sammako. Ki bari hantsi ya dubi ludayi, rana ta kori hazo. Wajen dawowa kuma ki baro gidan suna tun da la'asar sakaliya, ko da ba a gama rabon tuwo ba. Idan magariba ta riske ki a can, ki kwana. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, ta hana tafiyar dare a kan ruwa, kuma ba don wasa ta hana ba.

Sai maganar sutura, wadda nan ne mu mata muka fi yin kuskure. Muna jin sanyi sai mu jibga zani kan zani, mu ɗora bargo, mu kawo hijabi mai jan ƙasa mu rufe. A kan tudu wannan daidai ne. A cikin ruwa kuwa atamfa da bargo in sun jiƙe nauyi suke yi, zani ya naɗe ƙafa, dogon hijabi ya manne a fuska. Abin da ya fi, ki sa dogon wando a ƙarƙashin zani, ki sa riga mai dogon hannu, ki ɗora rigar sanyi marar nauyi, sannan hijabi madaidaici wanda bai wuce gwiwa ba. Kin suturta jikinki, kin ji ɗumi, kuma ƙafarki a sake take. Takalmi ya zama na roba marar tsini, don cikin jirgi akwai santsi. Ki shafa man kaɗanya a leɓe da ƙafa saboda faso. Kayan sunan da za ki yi kwalliya da su, da kayan canji naki da na yaro, ki ƙulle su a leda biyu, tare da wayarki da 'yan kuɗinki. Ki cika fulas da kunu ko shayi mai citta.

Kada ki ga kamar na cika tsanani a kan jiƙewa. Ruwa na zuƙe zafin jikin mutum fiye da yadda iska ke yi har wajen sau 25. Zafin jikin mai lafiya awo 37 ne, in ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari: karkarwa, daburcewa, hannu ya kasa riƙe komai. Waɗanda suka kalli fim ɗin Titanic sun san labarin jirgin nan da ya nutse a 1912, mutum sama da 1,500 suka halaka. Da yawansu suna sanye da rigar kariya, ba su nutse ba, sanyin ruwan ne ya kashe su. Gulbinmu bai kai ko kusa da wancan sanyi ba, alhamdu lillahi. Amma jaririn da rigarsa ta jiƙe, iskar hunturu na kaɗa shi, ba ya ɗaukar lokaci jikinsa ya yi sanyi ƙalau, don jikin yaro ya fi na babba saurin zubar da zafi. Ki sa masa hula da safa, kada ki zauna da shi a goshin jirgi inda ruwa ke fantsama.

Yanzu ga ki a bakin mashigi. Kada ki yi gaggawar shiga, tsaya ki buɗe ido. Ki dubi cikin jirgin: in kin ga yaro na ta kwarfe ruwa ba ya hutawa tun ba a tashi ba, jirgin na yoyo. Ki dubi gefensa: tsakanin bakin jirgi da ruwa ya kamata a ga rata sosai. In saura ɗan taƙi ruwa ya shiga, kuma ana ta ƙaro buhunan shinkafa da babura da awaki, to 'yar uwa ki ja da baya, ki ce za ki jira sahu na gaba. Na san abin da za a ce. Za a ce Bakanuwa ta ji tsoro, a yi miki dariya, wata ma ta ce ai kwana in ya ƙare ko a kan gado ne sai an tafi. Gaskiya ne, amma ba a ce mu jefa kanmu ba. Dariyar yini ɗaya ce, gobe an manta.

Wannan kunya da kara da muke yi ta ci rayuka a jihar nan. Can kudu, a Kogin Kwara, ranar 26 ga Mayun 2021, jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Warra a Ƙaramar Hukumar Ngaski. Kaɗan ne suka tsira, aka yi kwanaki ana tsamo gawarwaki, jami'ai kuma suka ce jirgin ya tsufa, an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. A Janairun 2023, tsakiyar hunturu ke nan, wani jirgin manoma, cikinsu har da mata da yara, ya dare kusa da Samanaji a Ƙaramar Hukumar Koko/Besse, nan ma aka rasa rayuka. Allah Ya jiƙansu da rahama. Ina da yaƙinin a cikin waɗanda suka shiga akwai wadda zuciyarta ta ce mata kada ta shiga, amma ta ga kowa ya shiga.

Ki tambayi mai jirgi rigar kariya, wadda ke hana mutum nutsewa. Haƙƙinki ne, doka ta wajabta ta. In an ba ki, ki sa ta a saman hijabi, ki ɗaure igiyoyinta tam, kada ki rataya ta a kafaɗa ko ki mai da ita matashin zama. Ba ƙauyanci ba ne. Manyan jiragen shaƙatawa da ke kai masu kuɗi kallon duwatsun ƙanƙara a Nowe da Alaska ma, ba sa tashi sai an nuna wa kowane fasinja yadda ake sa rigar da inda zai nufa in wani abu ya faru. An ƙara tsananta wannan doka ne bayan jirgin Costa Concordia ya kife a gaɓar Italiya a 2012, mutum 32 suka mutu. In har su da jirginsu mai kama da bene suna yin haka, ina ga mu da katako? Wadda za ta riƙa yawan ƙetarewa, ta roƙi maigida ya saya mata tata, har da ƙarama ta yara, don rigar babba zamewa take yi daga jikin yaro.

Ga wata magana da nake so duk mai goyo ta ji da kyau. Kafin ki shiga, ki kwance goyon. Ki miƙa yaron ga wata, ki shiga ki zauna daram, sannan a miƙo miki shi ki rungume shi a gaba, ki lulluɓe shi da mayafi. Yaron da ke ɗaure da majanyi a baya, in aka faɗa ruwa ba kya ganin fuskarsa, kuma kwance jiƙaƙƙen ƙulli a cikin ruwa ba abu ne mai sauƙi ba.

Wajen shiga, ki yi bisimilla, ki sunkuya, ki taka tsakiyar jirgi, kada ki taka gefe. Inda mai fito ya ce ki zauna, nan za ki zauna, don shi ya san yadda ya raba nauyi. Ba a miƙewa tsaye, ba a canza wuri, ba a leƙawa a ɗebo ruwa. Ni kaina ranar da na fara shiga, muna tsakiyar gulbi jirgi ya ɗan karkata, ban san lokacin da na zabura na miƙe ina salati ba. Tsohon da ke tuƙa mu ko ɗaga murya bai yi ba, ya ce, "Ɗiyata, zamna. Jirgi ba ya kihewa don kansa, mutane ka kihe shi." Na koma na zauna jiki na rawa, amma har yau ban manta ba. In jirgi ya karkata, kowa ya zauna inda yake. Rugawa gefe ɗaya shi ke kifar da shi.

Idan kin ji jiri ko tashin zuciya, ki daina kallon ruwan da ke gudu kusa da ke, ki kafa ido a kan wata bishiya can a gaci, ki tauna 'yar citta. Kada ki fito da yunwa, kada kuma ki cika ciki da maiƙo. Wajen sauka, ki jira jirgi ya tsaya cak. Ki guji tsoma ƙafa ko barin yara su yi wasa a ruwan gefe mai ciyayi, don nan ake ɗaukar tsargiya, ciwon nan mai sa fitsarin jini.

Allah Ya kiyaye, amma in ƙaddara ta sa an faɗa ruwa, sanyinsa zai sa ki ja numfashi da ƙarfi ba shiri. Ki yi ƙoƙari ki ɗaga baki sama, ki kwanta rigingine, ki saki jaka da duk wani kaya. Jirgin katako sau da yawa ko ya kife ba ya nutsewa nan take, ki kama shi, ko jarka, ko gora. Kada ki cakumi wuyan wanda ya zo ceton ki. Wanda aka tsamo kuma, a cire masa jiƙaƙƙun kaya maza, a goge shi, a naɗe shi da busasshen zani har kai, a kai shi inda babu iska. In yana cikin hayyacinsa a ba shi kunu mai ɗumi da sukari. Jariri uwa ta manna shi a ƙirjinta, fata da fata, a lulluɓe su tare. Kada a kara shi a jikin wuta, kada kuma a rufe ɗaki da garwashi, hayaƙin gawayi na kisa ba a ji ba a gani. Duk wanda ya sha ruwa a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware, musamman yaro.

Ban faɗi duk wannan don in tsorata ki ba. Kabawa da Sarkawa mutanen ruwa ne tun kaka da kakanni, suna da Sarkin Ruwa, suna da Homa shugaban masunta. Bikin kamun kifin Argungu da ake yi a Matan Fada, wanda ya samo asali a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake adanawa a 2016, ya isa shaida. Wadda ta taɓa ganin tseren kwale-kwale da wasannin Kabanci ta san hannun da za ta shiga. Kuma in hantsi ya yi, hazo ya yaye, kina tafe shinkafar rani kore shar dama da hagu, balbelu na tashi, masunta na jefa birgi, wallahi sai kin ji kamar kada a iso.

Saboda haka 'yar uwarmu, ki shirya ledarki tun daren yau, ki gaya wa maigida lokacin da za ku tashi da lokacin da za ku dawo, ki kuma gaya wa surukarki tun a gida cewa ke baƙuwar ruwa ce, ta zaunar da ke kusa da ita. Ba za ta raina ki ba, daɗi ma za ta ji. In kin dawo ki rubuto mana yadda aka yi, ki gaishe mana da mai jego, Allah Ya raya abin da aka samu.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A kula da yara da sanyin nan, ku huta lafiya.