Furen da Ke Jure Hunturu a Tsakar Gidanmu

  

Abin da ya jawo zancenmu na yau wasiƙa ce daga wata baiwar Allah a Roni. Ta ce ta ga hoton wani fure a wayar ɗiyarta, curi-curi kamar ƙwallo, wani shuɗi wani ruwan hoda. An ce mata yana jure sanyi, kuma yana maimaita fure a shekara. Shi ne take tambaya, ko ta ba da kuɗin adashinta a nemo mata shi?

To 'yar'uwa, tsaya tukuna kada ki kwance bakin zanenki. Wannan fure haidiranjiya ake kiransa, asalinsa daga ƙasar Japan yake. A shekarar 2004 aka fito da wani irinsa a Amurka mai suna Endless Summer, wanda ko ƙanƙara ta kashe rassansa, sababbin da suka tsiro sai su yi fure. Amma ki lura, sanyinsu daban, namu daban. Namu hunturu ne, busasshiyar iska da ƙura daga Disamba zuwa Fabrairu, bayansa kuma ga bazara tana jira. Shi kuwa haidiranjiya ɗan inuwa ne mai shan ruwa, yini guda in ƙasarsa ta bushe sai ki ga ya yi laushi. Ke da kike sayen ruwa wajen 'yan garuwa, ina ke ina wannan wahala?

Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Da damina kowane tsiro kyakkyawa ne. Gwanin shi ne wanda zai kai watan Afrilu yana tsaye. Irin wannan kuwa muna da shi a gida, mun dai raina shi ne.

Na farko shi ne lalle. E, lallen nan dai da muke ƙunshi da shi. Da yawa cikinmu garinsa kawai muka sani a leda, ba mu taɓa shaƙar furensa ba. Ƙanana ne farare, amma da almuru ƙamshinsu kan cika tsakar gida. Kuma a sababbin rassa yake fure, don haka duk lokacin da kika yi masa aski ya sake tofo, kina iya sake ganin fure.

Ga yadda za ki yi. Ki bari sai damina ta zauna, wajen ƙarshen Yuni ko Yuli. Ki roƙi maƙwabciya reshen da ya ƙosa, kaurinsa kamar fensir, tsawonsa kamar taƙi guda. Ki zage ganyen ƙasa, ki binne rabinsa a wurin da rana ke samu sosai, domin lalle ba ya son inuwa. Ki dasa uku ko huɗu, don ba duka ke kamawa ba. Idan ƙasarku jigawa ce irin ta Babura, ki cakuɗa ta da tsohon takin awaki don ta riƙe laima. Tsoho na ce, ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi. Idan kuma wajenku tsakuwa ce kamar wasu sassan Roni da Kazaure, ki zurfafa ramin, ki tsince duwatsun, ki cika da ƙasa mai laushi.

Sai ki kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando, don kin san halin akuya. A shekarar farko ki riƙa ba shi ruwa sau biyu ko uku a mako idan rani ya shigo. Ruwan wankin shinkafa ko na alwala ya wadatar, amma ban da ruwan omo. Ki shimfiɗa masa ƙaiƙayi ko busasshen ganye a gindi. In hunturu ya tsananta ya zubar da ganye, kada ki tuge shi ki ce ya mutu. Barci yake yi. Da ya ji ɗumi da ɗan ruwa zai farfaɗo.

Ga kuma riba. Ganyen da kika aske ki shanya a inuwa, ki daka, ki tankaɗe. Kin huta da sayen lallen salla, har ki sayar wa masu biki. Kuma kin san abin da kika sa a jikinki, ba irin baƙin nan da ake haɗawa da sinadarin rinin gashi ba, wanda kan sa fatar wasu ta kumbura ta yi ƙuraje.

Na biyu ita ce kariya, mai kumburarren gindin nan. A wannan gindi take ajiye ruwa, shi ya sa da tsakiyar rani, ko ganye babu, sai ki gan ta ta yi ado da jan fure. Tsohuwar tukunya mai huda a ƙasa ta ishe ta, da ƙasa mai yashi. Yawan ruwa ne ma ke ruɓar da ita, sai ƙasar ta bushe ƙarƙaf ki ƙara. Amma ki saurara da kyau: ruwan jikinta guba ne, da shi maharban da ke haɗa dafin kibiya. In kina da mai rarrafe ko yara masu kai komai baki, ko dabbobi a sake, ki haƙura da ita, ki tsaya kan lalle. In kin taɓa ruwanta ki wanke hannu da sabulu, kada ya kusanci ido.

Don haka 'yar'uwata ta Roni, kuɗin adashinki su zauna, a yi wata hidimar da su. Reshen lalle kyauta ake ba da shi, sai dai ki ce na gode. In naki ya kama, ke ma ki yanka wa wata.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida maigida, a shafa kan yara. Wassalamu alaikum.