ƘWALLON KWANDO A GIDA: ME YA HANA 'YA'YANMU SHIGA JAMI'AR DA KE ƘOFARSU?

Jawabin Kwamitin Matasa da Wasanni a wajen taron shekara-shekara



Bana mun zaɓi mu yi magana a kan wani al'amari da wasu za su ɗauka wasa ne kawai, alhali kuwa ya shafi karatun 'ya'yanmu. Zariya tana da suna a ƙwallon kwando. A filin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ne Oliver Johnson, kocin nan Ba'amurke, ya yi shekaru yana horar da matasa. Cikin waɗanda suka biyo ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a garin nan, ya tafi kwalejin Bismarck a Amurka, daga baya ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors har ta ci kofin NBA a 2019. To, me ya sa yaron da ya yi fice a sakandarenmu yake wahalar samun wuri a ƙungiyar jami'ar da ke ƙofar gidansu?

Dalili na farko shi ne jarrabawa. Koci ba ya iya ɗaukar ɗan wasa sai ɗalibin jami'a ne, ɗalibi kuma ba ya shiga sai da kiredit biyar, har da Turanci, da kuma Lissafi a yawancin kwasa-kwasai, sannan ya ci jarrabawar JAMB da makin da kwas ɗinsa yake bukata. Yaro ya kai kowa tsawo da iya jefa ƙwallo, in ya faɗi jarrabawa, sai dai ya tsaya bakin fili yana kallo. Gurbinsa kuwa wani ne daga nesa zai cike shi.

Na biyu, wanda ya tsallake jarrabawar ma ba lalle ne ya zauna ba. Jami'o'in Amurka suna biya wa ɗan wasa kuɗin makaranta, abinci da wurin kwana. Tun da Hakeem Olajuwon ya bar Legas zuwa Jami'ar Houston a 1980, wannan hanya take jan hankalin matasa. Namu jami'o'in ba su da irin wannan tanadi mai ƙarfi, ga kuma yajin aiki: a 2020 an yi wata tara, a 2022 an yi wata takwas. Ɗan wasan da ya yi wata takwas ba atisaye, ya koma baya.

Na uku, tushen kansa ya yi rauni. Makarantun gwamnati da yawa ba su da fili mai kyau, wasu ƙarfen kwandon ya karye tuntuni, malamin wasanni kuma an ɗora masa wasu darussa. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na huɗu yana wuyanmu mu iyaye. Muna ganin wasa shashanci ne, musamman ga 'ya'ya mata. Sai dai tun 2017 hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta amince mata su yi wasa da ɗankwali ko hijabi. Ƙungiyar matan Nijeriya kuma ta ci kofin Afirka sau biyar a jere, daga 2017 zuwa 2025.

Saboda haka kwamiti yana roƙon wannan taro abu uku. Kowane reshe ya ɗauki nauyin gyara fili ɗaya a makarantar gwamnati. Mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, bai fi ƙarfinmu ba. Mu buɗe asusun biyan kuɗin WAEC, NECO da JAMB tare da darasin yamma ga 'yan wasan da suka cancanta, bisa sharaɗin wanda makinsa ya faɗi zai huta da wasa. Sannan mu shirya gasar makarantu a dogon hutu, mu gayyaci masu horarwa na jami'a su zo su gani da idonsu.

Ba mu hana kowa fita nema ba, amma gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Muna fatan kafin a tashi kowane reshe zai rubuta abin da zai iya a gaban ma'aji.

Allah Ya mai da kowa gida lafiya.